Warin takin najasa: yadda doka ke wanke masana'anta amma maƙwabta su rufe ta

A 2022 jihar Maine ta Amurka ta haramta zuba lakar najasa a gonaki, har da takin da aka haɗa da ita. A watan Janairun 2025 kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta fitar da daftarin rahoto kan haɗarin wasu sinadarai biyu na dangin PFAS, wato sinadaran da masana'antu ke haɗawa masu daɗewa ba su ruɓe ba, da ake samu a cikin lakar. Tun daga nan maganar ta cakuɗe wa mutane da yawa, domin abubuwa uku ne daban ake haɗawa a baki ɗaya: ƙwayoyin cuta, sinadarai masu guba, da wari. Kowanne da sanadinsa, kowanne da hukumar da ke kula da shi. Sinadaran da Maine ta yi doka a kansu, waɗanda ake kira PFAS, ba su da wari ko kaɗan. Ƙwayoyin cuta zafi ke kashe su. Wari kuwa, wanda dokar tarayya ba ta sa masa ma'auni ba, shi ne ya fi sauran rufe wuraren haɗa taki a tarihin wannan sana'a.

Mece ce lakar najasa?

A biranen da ke da magudanar ƙarƙashin ƙasa, ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke duk bututu ɗaya suke bi zuwa matatar gari. A can ake barin ruwan ya kwanta, daskararren ya sauka ƙasa, sannan a saki bakteriya su cinye sauran dattin da ya narke. Abin da ya kwanta da farko, da gawarwakin bakteriyar da suka yi aikin, su ne lakar. Tana fitowa ruwa tsululu, sai a matse ta da inji. Ko bayan matsewa, a kowane tan ɗaya kimanin kilo 750 zuwa 850 ruwa ne. Kamanninta kamar yumɓun da aka kwaɓa, mai danƙo, babu ƙofar da iska za ta shiga.

Haɗa taki shi ne a cuɗanya wannan laka da busasshen abu, galibi guntayen katako, a tara tsibi, a bar bakteriya masu shaƙar iska su ci, zafi ya tashi, har abin ya koma baƙar ƙasa mai laushi. Hanyoyi uku aka fi bi. Akwai dogayen kunyoyi a fili waɗanda inji ke juyawa. Akwai tsibin da ba a juyawa, sai dai a shimfiɗa bututu masu huji a ƙarƙashinsa, fanka na tura iska ko zuƙo ta. Akwai kuma rufaffen ɗaki ko ganga inda komai ke faruwa a ciki.

Hanya ta biyu masana ma'aikatar gona ta Amurka ne suka fito da ita a Beltsville, jihar Maryland, a shekarun 1970, kuma wari ne ya haife ta: sun gwada juya ɗanyar laka a kunyoyi, ɗoyin ya gagara, sai suka koma zuƙo iskar ta ƙasa. Sana'ar ta ƙara bunƙasa bayan majalisar Amurka ta hana zubar da laka a teku a 1988, birnin New York ya daina a 1992, manyan birane suka shiga neman inda za su kai ta.

Daga ina warin yake fitowa?

Wanda ya daɗe a aikin yana gane matsalar tsibi da hancinsa, domin kowane wari da abin da yake nunawa.

Zarni, irin na makewayin da fitsari ya daɗe, amoniya ce. Laka na da naitirojin mai yawa da kabon kaɗan. Bakteriya sun fi son kabon 25 zuwa 30 ga naitirojin 1, ita kuwa laka sau da yawa ba ta kai 10 ga 1 ba. Rarar naitirojin ɗin ita ke tashi sama a matsayin amoniya, musamman in tsibin ya yi zafi kuma ma'aunin pH, wanda ke hawa idan tsami ya ragu, ya haura 8. Shi ya sa lakar da aka zuba wa farar ƙasa don kashe ƙwayoyin cuta ta fi kowace zarni, domin farar ƙasa na ɗaga pH. Amoniya na yaji a ido da maƙogwaro, amma tana saurin bajewa, ba ta cika yin nisa ba. Ma'aikata ta fi damu.

Abin da ke kaiwa gidajen mutane dangin farar wuta ne. Na farkonsu haidirojin salfaid, mai warin ƙwai baragurbi. Sai metil makaftan da daimetil salfaid da daimetil daisalfaid, masu warin ruɓaɓɓen kabeji ko tafarnuwa. Hancin ɗan Adam na jin waɗannan ko da ɗigo kaɗan ne cikin biliyan na iska. Ma'anar haka a aikace ita ce, injin tace iska zai iya cire kashi 99 cikin 100, ragowar ɗayan kuma ya isa ya hana unguwa barci.

Ƙarni irin na kifi daga tiraimetil amin yake. Wani ɓangare nasa na fitowa ne daga sinadarin folima da matata ke zubawa don laka ta dunƙule kafin a matse ta. Bashi da tsami, irin na man shanun da ya lalace, asid ne da ke taruwa idan ruɓewa ta tsaya a rabi. Ɗoyin bahaya kansa kuwa daga indol da sikatol yake.

In aka cire amoniya, yawancin sauran uwarsu ɗaya: rashin iska. Muddin iskar oksijin na ratsa tsibi, bakteriya masu shaƙar iska ke mulki, kuma abin da suke fitarwa tururi ne da iskar kabon da zafi. Da zarar oksijin ɗin cikin tsibin ya faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, wasu bakteriyar da ba sa buƙatar iska sai su karɓi aiki, su ne masu haifar da dangin farar wuta da asid. Shi ya sa masu aikin ke ƙoƙarin riƙe oksijin a kashi 10 ko sama. A makon farko, lokacin da ci ya fi ƙarfi, tsibin da aka kashe wa fanka kan iya cinye iskar cikinsa cikin ƙasa da awa ɗaya.

Akwai wani sanadin da ke faruwa tun kafin laka ta iso. Bincike a matatun Amurka ya nuna injin matsewa mai juyawa da gudu yana farfasa laka ya saki furotin, bakteriya su far masa, warin ya kai ƙololuwa bayan 'yan kwanaki a ajiye. Lakar da ta kwana biyu ko uku a tirela ta riga ta ɗauko warinta daga gida. Mai haɗa taki ya gaji matsalar da ba shi ya shuka ba.

Lissafin haɗi, inda aka fi yin kuskure

Abin da ake nema shi ne haɗin da danshinsa bai wuce kashi 60 cikin 100 ba, kuma kusan kashi 30 na girmansa sarari ne na iska. A ɗauki tan ɗaya na laka mai ruwa kilo 800. In guntayen katakon da za a zuba danshinsu kashi 40 ne, tan ɗaya ya isa ya kai haɗin kashi 60 daidai. Tunda katako bai kai laka nauyi ba, a ido wannan ya kama kusan cokalin tarakta biyu da rabi zuwa uku na katako ga cokali ɗaya na laka.

To a ce an bar katakon a waje ruwan sama ya dake shi, danshinsa ya kai kashi 55. Lissafi ɗaya ne, amma yanzu sai an zuba tan huɗu kafin a kai inda ake so. Direban tarakta da ya saba zuba cokali uku zai zuba uku ɗin nan dai, tsibin ya fito jiƙe, ya danne kansa, iska ta kasa wucewa. Bayan kwana uku waya ta fara ƙara a ofis. Yawancin ɓarkewar wari da damina daga nan take, kuma maganinta rumfa ce a kan katako.

Girman guntayen ma abin lura ne. Dusar katako na shan ruwa sosai, amma tana toshe ƙofofin iska. Manyan guntaye na buɗe hanya, amma ba sa shan ruwa sosai. Haɗa biyun ake yi. Sannan cuɗanyar kanta: in aka bar curin laka kamar ƙwallo a cikin tsibi, bayansa zai bushe, cikinsa ya ci gaba da ruɓewa babu iska, ranar da aka zo tankaɗe taki sai curin ya fashe. Tsayin tsibi ba a so ya wuce mita biyu zuwa biyu da rabi, domin nauyin sama na matse na ƙasa. A tsarin Beltsville ana lulluɓe tsibi da nunannen taki mai kaurin kusan santimita 30, ya riƙe zafi ya kuma tsotse wari, a bar shi kwana 21 ana ba shi iska, sannan a kwashe a ajiye kimanin kwana 30 ya huce.

Iskar ma in ta yi yawa ɓarna ce. Tana busar da tsibi, ta sanyaya shi, ta kwashe amoniya. Busasshen tsibi kamar ya nuna yake, alhali bakteriya ne suka tsaya don ƙishirwa. Ranar da ruwa ya taɓa shi a gona ko a wurin ajiya, ruɓewa ta dawo sabuwa.

Gogaggun ma'aikata kan ce a duba ƙasa kafin a duba tsibi. Baƙin ruwan da ke tsatsafowa ya kwanta a rami, lakar da tayar mota ta yaɗa a hanya, kwatar da ta toshe, bututun da tururi ya huce a ciki ya cika shi da ruwa: waɗannan ƙananan wurare kan fi babban tsibi wari.

Abin da doka ta kama da abin da ta bari

Dokar tarayya da ke kula da laka a Amurka, wadda ake kira Sashe na 503, ta fito a 1993. Ta sa iyaka ga ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom, ta kuma raba laka aji biyu. Don taki ya shiga ajin A, wanda za a iya sayar wa kowa, dole tsibi mai bututu ko rufaffen ɗaki ya riƙe zafin digiri 55 a ma'aunin Salshiyas na kwana 3. In kunya ce a fili, kwana 15 tare da juyawa sau 5. Akwai kuma sharaɗin rage jan ƙudaje da ɓeraye: kwana 14 sama da digiri 40, matsakaicin zafin ya haura 45.

Duk wannan babu adadin wari a ciki. Tsibi zai iya cika kwana 3 a digiri 55, ya ci jarrabawar ɗakin gwaji, yana kuma ɗoyi. Maganar wari an bar wa jihohi da ƙananan hukumomi, su kuma galibi da dokar hana cutar da maƙwabci suke aiki. Daga nan saɓanin da aka saba ji yake tasowa. Kamfani ya ce takardunsa cikakku ne, kuma gaskiya ya faɗa. Maƙwabta su ce sun kasa buɗe taga, su ma gaskiya suka faɗa.

Auna wari har yau da hancin mutum ake yi. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 13725, ana ɗebo iska a leda ta musamman, a riƙa sirka ta da tsabtatacciyar iska, ana ba zaɓaɓɓun mutane suna shinshinawa. Yawan sirkin da aka yi kafin rabinsu su daina jin komai shi ne ƙarfin warin. Wasu jihohin Amurka, irin su Colorado, sun ɗauki sirki bakwai a matsayin iyaka a unguwannin zama. Jamus ta bi ta lokaci: a unguwar zama, awannin da ake jin wari kada su wuce kashi 10 cikin 100 na awannin shekara. Hanyar Jamus ta fi kusa da abin da mutane ke kuka a kai, domin wari mai sauƙi da ke zuwa kullum ya fi mai ƙarfi na rana ɗaya gajiyar da mutum.

Matsalar jami'in bincike ita ce lokaci. Da dare zuwa asuba, in sama ta yi garau kuma babu iska, ƙasa kan huce, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar murfi. Warin sai ya gangara kwari kamar ruwa, ya yi tafiyar kilomita ba tare da ya baje ba. Kafin jami'i ya iso da hantsi, rana ta ɗaga murfin. Ya rubuta bai ji komai ba.

Wurare uku, sakamako uku

A gundumar Montgomery ta jihar Maryland an buɗe wata babbar masana'antar haɗa taki a 1983, wadda aka sani da Site II, tana karɓar laka daga matatar Blue Plains ta birnin Washington. Takinta ya samu kasuwa. An rufe gine-gine, an sa injinan wanke iska hawa-hawa, kuma a can ne injiniyoyi suka nuna daimetil daisalfaid ne babban mai laifi. Duk da haka unguwanni sun matso, koke bai tsaya ba, aka rufe ta a 1999.

A garin Adelanto da ke hamadar Kalifoniya, wani fili na kunyoyi a buɗe ya rufe a 2005 bayan koke-koke da shari'a kan wari da ƙudaje. Ko hamada ba ta yi nisan da zai ɓoye shi ba.

A Rancho Cucamonga kuwa, duk a Kalifoniya, hukumomin ruwa biyu sun sayi tsohon sito na kamfanin kayan ɗaki na IKEA suka mayar da shi rufaffiyar masana'anta da ta fara aiki a 2007. Komai a cikin gini ake yi, iskar ciki kuma ana zuƙe ta a bi da ita ta matatar katako mai faɗin fiye da hekta ɗaya. Abin lura a nan shi ne dokar yankin ta 2003 da ta tilasta wa sababbin wurare rufe aikinsu, hayaƙin da ke turnuƙe sararin Los Angeles aka yi ta dominsa, wato amoniya da sinadarai masu tashi. Raguwar wari riba ce da ta biyo baya.

Matatar katako, da dalilin da take mutuwa

Wannan matata shimfiɗa ce ta guntayen katako da ɓawon itace, zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da bututu a ƙasa. Iska mai wari na ratsawa a hankali, daƙiƙa 30 zuwa 60, bakteriyar da ke manne a jikin katakon suna cinye sinadaran. Tana da araha in aka kwatanta da injinan sinadari, amma abu ne mai rai. In ta bushe sai ta tsattsage, iska ta bi tsagar ta fice ba a tace ba. In iskar da ke shiga ta haura digiri 40, bakteriyar sun wahala. In amoniya ta yi yawa, gishiri ya taru ya kashe su, shi ya sa ake sa injin wanke iska da ruwan asid a gabanta. Katakon kansa yana ruɓewa ya danne, bayan shekara biyu zuwa biyar sai an sauya. Turaren da wasu ke fesawa a bakin katanga ba ya cire komai, ƙamshi ne ake ɗorawa a kan ɗoyi.

Wari na sa ciwo?

Masu sana'ar na cewa adadin da ke isa gidaje ya yi ƙasa ƙwarai da wanda ke zama guba, kuma ma'auni na goyon bayansu a mafi yawan lokuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikirogiram 150 na haidirojin salfaid a kowace mita kubik a matsayin iyakar lafiya ta awa 24, amma ta ce don kauce wa damuwar wari kada ya wuce 7 a rabin awa. Tazarar da ke tsakanin 7 da 150 ita ce filin rigimar. Mazauna na kawo kukan ciwon kai, tashin zuciya, yajin ido da rashin barci, kuma likitocin muhalli da dama sun yarda wari mai dawowa kullum na iya haifar da waɗannan ko da bai kai guba ba. Kwamitin masana na ƙasar Amurka da ya duba dokar 503 a 2002 ya ce bai ga rubutacciyar hujjar cewa dokar ta kasa kare lafiyar jama'a ba, ya kuma ce ilimin da aka gina ta a kai na buƙatar sabuntawa. Kowane ɓangare rabin da ya dace da shi yake karantowa.

Abu biyu ba a jayayya a kansu. Ƙurar da ke tashi lokacin juyawa da tankaɗe na ɗauke da ƙwayoyin naman gwari irin su Asfagilas, masu haɗari ga mai asma da mai raunin garkuwar jiki, shi ya sa a Ingila ake neman nazari na musamman in akwai gida ko wurin aiki cikin mita 250. Sannan a rufaffen rami ko tanki, haidirojin salfaid na kashe jin wari idan ya haura kusan ɗigo 100 cikin miliyan, ma'aikaci ya ɗauka iskar ta gyaru, alhali lokacin ne ta fi kisa.

Idan aka rufe, wa ke biya?

Laka ba ta daina fitowa don an rufe masana'anta. Siwizalan ta hana amfani da ita a gona ta koma ƙonawa. Jamus ta yi doka a 2017 da za ta tilasta wa manyan matatu ciro sinadarin fosfaras daga 2029. A Maine, bayan haramcin, laka ta koma juji, a 2023 jujin ya kasa ɗauka saboda jiƙewa, aka riƙa kai ta Kanada, kuɗin ya hau kan masu biyan kuɗin magudana. A 2018 kuma taragon jirgin ƙasa cike da lakar New York sun yi fiye da wata biyu a tsaye a Parrish, wani ƙaramin gari a Alabama da mutanensa ba su kai dubu ba. Galibi haka take kasancewa: birni ya samar, ƙauye ya shaƙa. Manomin da ke samun takin a araha shi ma ya koma sayen na buhu.

A garuruwanmu da yawancin gidaje shadda da masai ne, lakar daga motar yasa take fitowa, amma ilimin ɗaya ne. A kewayen Tamale ta ƙasar Ghana manoma kan sa motoci su juye a gona da rani, rana ta busar kafin shuka. A Kumasi, ita ma a Ghana, an gwada shanya lakar a kan shimfiɗar yashi, sannan a haɗa ta da sharar kasuwa. Babban abin tsoro a nan ƙwan tsutsar ciki ne, wanda ke daɗewa a ƙasa in zafin tsibi bai kai ba. Ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da yankakken kara za su iya tsayawa a madadin guntayen katako, muddin an adana su a bushe.

Ga mazaunin da ke kusa da irin wannan wuri, koken da ke tasiri shi ne mai kwanan wata, da awa, da tsawon lokacin, da inda iska ta fito, da irin warin: zarni ne, ƙwai ne, ko ƙarni. Gidaje goma da suka rubuta haka na wata biyu sun ba injiniya abin da zai ɗora a kan littafin aikin masana'anta, ya ga ko ranar aka juya kunya, ko tirela ta kwana a cike, ko fanka ta tsaya.